Motar Alhaji Bube da Ta Ƙi Barci

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin garejina a nan Tasawa, yana kallona na jona balis a jikin wata mota. Balis ita ce 'yar na'urar nan mai allo da muke soka wa motocin zamani don su faɗi inda ke yi musu ciwo. Ya ga rubutu ya fito, ya ga na gyaɗa kai, sai ya ce wa abokinsa, "Ashe aikin ga babu wuya. Na'ura ka hwaɗi, tsoho shi amshi lada." Na ji shi sarai, kunnena bai tsufa ba. Hannuna na cikin aiki, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin mota guda, ku da kuke son shiga sana'ar nan da farar riga ku fita da ita fara.

Sunana Lawali, amma in ba ka ce Lawali Mai Waya ba, gidan wani za a kai ka. A Maradi na koyi aiki, wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, Allah ya jiƙansa. Na je da zumuɗi ina tsammanin ran nan zan hau kwance inji, sai ya miƙo mini ƙwan fitila guda da aka ɗaura wa waya biyu, ya ce da shi zan ci abinci. In ka taɓa inda wuta take ƙwan ya kama, in babu ya yi shiru. Na daɗe ba ni da kayan aiki sai wannan ƙwan da tsintsiya. Dokokin dattijon biyu ne, kuma a kansu ya sha murɗe mini kunne. Ta farko, ba a canza abin da ba a kama shi da laifi ba. Ta biyu, duk abin da ka ciro ko ka tsinta a cikin mota, ko allura ce, ka jera shi a faranti mai mota ya gani da idonsa. Har yau akwai wani tsohon farantin ƙarfe a rataye a garejina, ba a cin tuwo a cikinsa.

Yanzu kayan aiki sun ƙaru. Ina da mita mai auna wuta, ina da ƙarfen narka dalma, ina da balis ɗin da na saya ta hannu. Ba na raina ta, ta sha rage mini wahala. Amma ita wuri take nunawa, ba ta faɗin dalili. Za ta ce maka ciwon yana baya wajen dama, sauran kuma naka ne, kai da idonka da hancinka da haƙurinka.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo mini a shekarar da aka rufe iyaka. Wanda bai yi sana'a a shekarar nan ba bai san tsaiko ba. Kayan gyara suka daina shigowa. Abin da a da za ka buga waya ya iso maka cikin motar haya, yanzu sai a ce maka ka yi haƙuri. Masu motoci suka jingine su a rumfa, direbobi suka koma gona, mu kuma muka zauna ƙarƙashin itacen bedi muna korar ƙuda. Wanda ya rasa aiki a lokacin, babu inda zai je ya samu wani.

Motar baƙa ce, doguwa, 'yar Turai, irin wadda in ka rufe ƙofarta ba ka ƙara jin kukan jaki a waje. Kujerun fata, ciki sanyi kamar randa. A maimakon ƙarfen da ke ɗaukar nauyin sauran motoci, ita jakunkunan iska gare ta, da ɗan famfo da ke hura su. Batirinta ma ba a gaba yake ba, yana cikin kofur a baya, inda ake zuba kaya. Mai ita Alhaji Bube, Bafulatani ne, yana fataucin shanu tsakanin Mayahi da Urafane da Tasawa. Bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya iya ba, domin yana da Iliya.

Iliya mutumin Maijirgi ne, Kirista, manomi kafin ya zama direba. Tun Alhaji na da wata tsohuwar a-kori-kura yake tuƙa shi. Tsakaninsu akwai tsari tun fil azal: Iliya ba ya aiki ranar Lahadi. Asabar da yamma zai wanke mota, ya sa ta a rumfarta da ke bakin titi, ya kulle, ya hau babur ɗinsa ya tafi gida da makulli a aljihu. Litinin da safe ya dawo. To a daminar shekarar nan sai motar ta ɗauki wani hali. Duk sauran ranaku tana tashi lafiya lau, amma Litinin da safe ko fitilar ciki ba ta kamawa, batir ya mutu murus.

Kafin a zo wurina an riga an sayi sabon batir, an kai dinamon caji Maradi an sake masa naɗi. Litinin ta zo, mota ta ƙi. Daga nan baki ya shiga. Wani daga cikin mutanen gidan Alhaji ya bi ta Maijirgi ranar Lahadi, ya ji lasifika na tashi daga 'yar majami'ar su Iliya, ya leƙa ya ga batirin mota a ƙarƙashin benci. Ya dawo ya ce ai ga inda wutar ke tafiya: Iliya ne ke kwance batir ya ɗaura a babur, su yi waƙarsu da shi, ya mayar da shi fanko. Batirin majami'ar nasu ne, karo-karo suka yi suka saya, amma wa zai tsaya jin wannan? Maganar ta yi daɗin faɗa, ta zaga unguwa.

Ranar da aka fara kirana, da amalanken jaki na kai batirina, tun da irin motar nan ba a tura ta ta tashi. Na tarar da ita a rumfa ta durƙusa ta baya kamar raƙumi yana jiran kaya. Alhaji yana zaune bisa tabarma da carbi, Iliya yana tsaye nesa kaɗan, hannu a baya.

Alhaji ya ce, "Malam Lawali, ni ban san mota ba, shanu na sani. In saniya tana rama alhali tana cin ciyawa, to wani ka tatsarta. Ka duba mini wa ka tatsar wagga."

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, sai na gani."

Durƙuson nan shi na fara bi. Na tayar da ita, ta miƙe, na kai ta gareji na hau da ita rami. Na kaɗa ruwan sabulu a kwano, na dinga shafawa a siraran bututun iska ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da tayar hagu sai kumfa ta fara tasowa. Wani kututture ne a hanyar daji ya goge bututun har ya tsage, tsagar ko farce ba ya shiga. Iska na zurarewa, mota na sauka, famfo kuma na ta aikin hurawa fiye da ƙa'ida. Na yanke wurin, na haɗa da mahaɗi, kumfa ta daina. Na sa guntun bututun a faranti na nuna wa Alhaji, na ce masa, "Na kama ɓarawo guda, amma ban ce shi kaɗai ba ne. A bari mu ga Litinin."

Litinin ta zo, mota tana tsaye da ƙafafunta ƙyam, amma batir ya sake mutuwa. Ran nan Alhaji yana da cinikin bijimai a Mayahi, cinikin ya wuce shi. Da hantsi sai ga shi a garejina a bayan babur ɗin haya, babbar riga na ta shan iska, rai a ɓace. Iliya ya biyo shi a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Na amshe makullina. Na yi haƙuri har na gaji. Shi tahi gida, in nemi wani."

Iliya bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Maigida, Allah shina gani, ban taɓa kwance ko kusa guda cikin motag ga ba."

Ni kuwa raina ya ɓaci, domin na san Iliya. Mutum ne da in ya tsinci canji a ƙarƙashin kujera sai ya kai wa mai shi. Ga 'ya'ya a lakkol suna karatun boko, ga shekarar da babu aiki, ga sunan sata da zai bi shi har ƙofar majami'arsu. Na ce, "Alhaji, an canza batir ba a kama shi da laihi ba. An taɓa dinamo ba a kama shi da laihi ba. Yanzu kuma direba za a canza? Ka bar mini mota, ka bar mini Iliya, har Litinin mai zuwa. Makulli shi kwana wurinka in na gama aiki. In ban samo komi ba, ka yi abin da ka ga dama."

Ya ja carbi, sannan ya ce, "Don kai ne. Litinin guda."

To ga abin da samari ba su sani ba game da manyan motocin nan. In ka kashe tsohuwar mota, ta mutu ke nan. Ita irin wannan kuwa ba ta mutuwa, barci take yi. Cike take da ƙananan akwatunan wuta, na ƙofa daban, na fitila daban, na kujera daban, duk suna magana da juna. In ka kulle ta, sukan ɗan yi ta hirarsu, sannan ɗaya bayan ɗaya su yi shiru, wutar da take sha ta koma kamar ɗigo. Amma in akwati guda ya ƙi yin shiru, sai ya hana sauran barci, su kwana suna shan batir. A ranakun aiki ba a ganewa, domin gari na wayewa an tayar da ita ta cika. Ranar Lahadi ce kaɗai take wuni ta kwana ba a taɓa ta ba. Ashe hutun Iliya ne ke ba ɓarawon lokaci, ba hannunsa ba. Wannan na zarga, amma zargi ba ya wanke mutum, sai na kama abin da hannu.

Na je na tayar da ita, na kawo ta gareji, na ajiye ta a inuwar bedi. Na buɗe kofur da ƙofofi, na tura harshen makullinsu da turnabis, abin kwance sukurori, don motar ta ɗauka a rufe suke. Na cire wayar batir guda, na sa mita a tsakani, na kulle motar, na ja kujera na zauna. Wannan zaman shi ne aikin, kuma shi ne abin da yaran yanzu ba sa iyawa. Ba ka taɓa komai, ba ka buɗe komai, kana kallon lamba kawai. Mai shayi ya zo ya wuce, aka kira azahar na je na dawo, lamba tana nan sama ba ta sauko ba. Na ce wa Iliya, "Motar maigidanka ba ta barci."

Na jona balis, ta ce akwatin wuta na baya yana ɗaukewa yana dawowa. Da a shekarar arziki ne, wani sai ya buga waya a kawo sabo, ya ɗaura, ya ce an gama. Mu kuwa babu sabo ko a Maradi. Dole in san abin da ya same shi. Na bi fuzibil ɗin baya, 'yan mahaɗan nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ɗaya bayan ɗaya da tsinken mita, ba tare da na zare su ba, don in ka zare guda duk motar sai ta farka ka koma farko. Na samu wanda wuta ke bi ta cikinsa, kuma na akwatin nan ne. Na durƙusa a bakin kofur ina tunanin ta inda zan fara kwancewa, sai idona ya faɗa kan kiyashi.

Layi suka yi tun daga gindin bedi, suka hau taya, suka bi ta gefen ƙarfe, suka shiga kofur, suka ɓace a kusurwar dama. Kiyashi ba ya bin ƙarfe, ba ya bin mai. In ka gan shi ya yi layi, akwai abin ci. A kusurwar nan akwai wata 'yar ƙofa ta darduma da ke rufe wani ɗan rami, irin wanda Turawa ke ajiye kayan agaji a ciki. Na buɗe. Ramin a share yake tas, babu komai sai wani ɗan gammo na tsohon baƙin saƙi mai jan zare a baki, an naɗe shi da kyau kamar na ɗora ƙwarya. Na ɗaga gammon, na ɓamɓare shimfiɗar ƙasan ramin. Wani tsami ya bugi hancina. Akwatin wutar yana nan a ƙasa daidai, farin abu ya bushe a kansa ya yi ɓawo, bakin wayoyin ya yi kore, kiyashi na ta biki.

Na lakato da farce na shinshina. Na ce, "Iliya, wa ka shayar da motag ga nono?"

Sai na ga mutum ya zauna a ƙasa daɓas, ya dafe kai. Sannan ya ba ni labari, murya ƙasa-ƙasa.

Mahaifiyar Alhaji tana da rai, tsohuwa ce tukuf, tana rugarsu a bayan Urafane. Alhaji ɗanta ne na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurinmu, to ta Fulani ta fi tamu nisa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In ya je rugar ranar kasuwa, daga nesa zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, ya wuce wajen shanu da ƙannensa. Amma tun da aka sayi motar nan, da zarar ya ba da baya sai ta yafito Iliya ta bayan bukka, ta ba shi gorar kindirmo na saniyarta, wanda ta kafa da hannunta, ta ce kada ya sani. Ita ta naɗa gammon don gorar ta zauna daidai. Iliya ya rasa inda zai ɓoye ta Alhaji bai gani ba in ana loda kaya, sai ya samu ramin nan. Rairayin hanyar Urafane kuwa ba ya barin komai ya zauna lafiya. Gora na tangaɗi, nono na tsiyaya ta bakin marfi. Iliya yakan goge saman tas in sun iso, bai san akwai mai bi ta ƙasa ba. Da damina ta sauka, danshi ya jiƙa busasshen nonon, wuta ta samu hanya.

Na ce, "To in kun iso gida, mi kake cewa?"

Ya ce, "In miƙa cikin gida in ce nonon Urafane ne. Ban yi ƙarya ba. Da shi aka dama mishi hura."

Na yi dariya har da tafi, don na ga mafita ta samu. Na ce, "Ai ka wanku, Iliya! Tashi mu tahi mu gaya mishi."

Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Malam Lawali, don Allah kada ka hwaɗa. Inna ta ba ni amana. In ta ji ya sani, kunya za ta hana ta sake ba shi, kuma shi ke nan abin da taka iya yi mishi a duniya. Gara a kore ni."

Na dube shi, na rasa ko in yaba masa ko in mare shi. Na ce, "Kai da ɗiya a lakkol kake wannan magana? Kuma sunan ɓarawo hwa?" Ya ce ya sani. Ya kai hannu zai ɗauke gammon ya sa a aljihu, na riga shi. Na ce, "A'a. Bakina ba ya ambaton kowa, wannan na yi maka alkawari. Amma abin da na tsinta cikin mota, faranti zai hau. Haka aka koya mini, ba kuma a kanka zan fara sakewa ba." Bai ji daɗi ba, ni ma ban san yadda abin zai ƙare ba.

Gyaran kansa aikin natsuwa ne. Na ciro akwatin, na buɗe shi a kan farin ƙyalle. Na aika aka sayo mini alkol, ruwan nan na goge ciwo, a kantin magani, na sa tsohon burushin haƙori na dinga wanke koren nan a hankali, don layukan ciki sun fi gashi siranta. Ƙafa guda ta ruɓe ta karye, na ciro irinta daga wani mataccen akwati da ke cikin tarkacena, na kama ta da dalma. Na shanya shi a inuwa, ba a rana ba, ya bushe sarai. Na wanke ramin, na mayar da komai, na sake sa mita na zauna. Lamba ta tsaya sama na ɗan lokaci. Sai ta sauko, ta ƙara saukowa, ta koma ɗigo ta tsaya. Wallahi na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na ce, "Iliya, ta yi barci." Ranar Asabar na kulle ta a garejina, na aika wa Alhaji makullinsa.

Litinin da safe ya zo da mutanensa, har da wanda ya leƙa majami'a. Ya miƙo mini makulli, na murɗa, mota ta tashi nan take, ko tari ba ta yi ba. Ina shirin yin hamdala sai mutumin nan ya ce, "Kun gani ko? Lahadi guda makulli bai kwana wurinshi ba, ga ta ta tashi!" Alhaji ya gyaɗa kai. Ni kuwa ban hango wannan ba. Gyaran da na yi don in wanke Iliya shi ne ya zama shaida a kansa. Iliya yana can tsaye jikin bedi.

Na ce, "Alhaji, ba a gama ba, saura faranti."

Na sauko da shi na ajiye a bakin kofur. Ga ƙafar wayar da ta ruɓe, ga ɓawon da na kankare a cikin 'yar takarda, ga gammo a gefe. Na buɗe ramin na nuna masa inda akwatin yake, na yi masa bayanin barcin mota da abin da ya hana ta. Na ce, "Abu mai ruwa ne yaz zuba nan, ba sau guda ba. Shi ka shan batir, ba mutum ba. Ko makulli na wurin wa, da haka za ta yi."

Alhaji ya ɗauki takardar ya kai hanci. Bafulatani ba ya buƙatar a gaya masa warin nono. Ya ɗago ya dubi Iliya, na ga tambayar ta zo masa baki. Sai idonsa ya sauka kan gammon. Ya ɗauke shi, ya juya shi, ya bi jan zaren nan da babban yatsa. Ya warware gefe guda kaɗan, ya kalli saƙar, ya mayar ya naɗe yadda take. Inji na ta aiki a hankali. Mutumin nan mai baki ya soma cewa, "Nono kuma? Wa ka sa nono cikin..." Alhaji ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba, ya haɗiye sauran.

Da Alhaji ya yi magana, da ni ya yi ta, kuma muryarsa ta sauya. Ya ce, "Malam Lawali, wurin ga, in an aje abu mai ruwa, zuba shikai?"

Na ce, "In an bi rairayi da shi, sai ya zuba."

Ya ce, "To a ƙera mishi mazubi wanda ba ya yoyo, mai marhi. Kada a rage mishi girma. Abin da ka shiga da, shi ci gaba da shiga."

Ya sunkuya da kansa, da babbar rigarsa, ya mayar da gammon cikin ramin, ya daidaita shi, ya rufe 'yar ƙofar. Sannan ya kashe motar, ya zare makulli, ya taka har gindin bedi. Ya ce, "Iliya, na ɗauki alhakinka gaban mutane, gaban mutane nika roƙonka. Ka yahe mini. Ka gaida dattawan majami'arku, ka ce musu ni da ƙahwata zan zo in ba su haƙuri."

Iliya ya karɓi makulli da hannu biyu. Ya ce, "Babu komi, Maigida." Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, Alhaji ya tare shi: "Ban tambaye ka komi ba, kada ka gaya mini komi. Abin da ban gani ba, ban gani ba." Ni kuwa na juya na shiga tattara kayan aiki, don ba na son a ga fuskata. Rabona da in ji sanyi a rai irin na ran nan, na manta.

Wani mai walda a bayan tasha ya ƙera mana mazubin da farin ƙarfe, na sa masa roba a baki, na kuma lulluɓe akwatin wutar da leda mai kauri. Motar ba ta sake kwana a farke ba. Har yanzu nan ake kawo ta in za a canza mai ko a duba jakunkunan iska, kuma Iliya ne ke kawo ta. Duk zuwa sai na buɗe ramin nan na duba ko akwai danshi. Babu, sai gammo.

Zuwansa na baya na tambaye shi labarin tsohuwa. Ya ce tana nan, ido ya rage amma hannu bai manta kafa nono ba, kuma har yau in ta miƙo masa gora sai ta ce kada ya sani. Na ce to shi Alhaji fa? Iliya ya yi murmushi. Ya ce yanzu in sun je ruga, da an gama gaisuwa Alhaji sai ya tafi can wajen garke, ya juya wa motar baya yana kallon shanu, ko rana na dukansa ba ya motsawa. Ba ya waiwayowa sai ya ji an rufe kofur.